Hayar Ƙwayar Masoro

Har yau ranar da muka yi zaman filin rijiyar Gangara tana nan a raina. Lokacin ni ne tafinta a wani furoje na raya karkara da ke Gazawa. Ƙa'idarmu ita ce ba a haƙa rijiya sai an rubuta yarjejeniya da mai fili.

Makiyaya za mu haƙa wa, kafin rani ya tsananta. Filin na wani dattijo ne manomi, Baba Ɗan Jimo. Ya ce ba zai karɓi kuɗi a kan ruwan da dabba za ta sha ba, amma kuma ba zai ba da kyauta ba, kada gobe a ce wa jikokinsa filin ba nasu ba ne.

Shef ɗinmu, wato shugaban furojen, wanda ya yi karatu a Ingila, ya ce akwai mafita. A can, tun zamanin da, mai ba da fili ba don riba ba yakan sa a riƙa biyan sa ƙwayar masoro ɗaya duk shekara, don shari'a ta san haya ce, ba kyauta ba. Har yau da sunan masoron suke kiran irin wannan haya, ko da ba mai kawo shi.

Na fassara. Baba ya ce, "To ni a kawo mini."

Ardo Bello, shugaban makiyayan, ya ce, "Baba, ko tiya guda ce sai mu kawo."

"Ɗaya aka ce, Ardo."

Aka sa hannu. Sai kontabul, mai riƙe mana lissafin kuɗi, ya ce biyan farko ta buro, wato ofishinmu, zai bi, kuma ba ya fitar da komai sai da takardar shaidar saye. Aka aike ni kasuwa in sayo ƙwaya ɗaya, in karɓo takardarta. Mai kayan yaji ya kalle ni ya ce, "Malam, ɗauka ka ba ni wuri." Na koma, kontabul ya ce abin kyauta ba ya shiga lissafi. Shef ya rubuta wa babban buro neman shawara. Masu haƙa suka kwashe kayansu, shanun Ardo kuwa na ta rama a hanyar tafki mai nisa.

Da Ardo ya gaji, ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kayan miyar matarsa, ya miƙa wa Baba gaban shaidu. Baba ya jefa a baki ya tauna, ya ce a kira masu haƙa.

Amsar babban buro ta iso bayan shanu sun fara shan ruwan: wai a kafa kwamiti.

Ku da kuke sababbi a wannan aiki, abin da na koya ke nan. Mutanen karkara sun iya daidaita kansu. Namu shi ne mu rubuta abin da suka yarda da shi, mu kauce musu da wuri.