Kunnen Yaya Saje da Ya Tsaya a Bama

Ku da kuka san yayana Saje Garba a Fagge, kun san kunnensa ɗaya ya mutu a yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu. Wanne ne daga ciki, har ya rasu ba mu tantance ba. In matarsa ta tsaya a dama tana mita, na dama ne. In ta zagayo hagu, ciwon ya riga ta zuwa.

Da ya fito takarar majalisa, fareti ya riƙa sa magoya bayansa, wanda ya makara ya kore shi. Na ce, "Yaya, ƙuri'a fa kake kora."

Ya ce, "Wanda ya makara taro, ranar zaɓe ma barci zai yi."

Kuma ya ci.

A zauren majalisa can Kaduna, magana ɗaya ya riƙe: lambatun Fagge da ke cika gidaje da ruwa duk damina. Ana zancen haraji, sai ya miƙe ya kawo lambatu. Ran nan shugaban majalisa ya ce ya zauna, ya ci gaba abinsa. Wani ɗan majalisa ya ce, "Saje, jiya ta wannan kunnen ka ji an kira cin abinci."

Ya ce, "Ai abinci da hanci nake jin sa."

Don su huta aka gina lambatun.

Amininsa Okoro, makanike a Sabon Gari, tare suka yi yaƙi, kullum suna musun wa ya goya wani suka ƙetare kogi. Shekarar da rikici ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, Yaya ya kwaso Okoro da iyalinsa ya kai su ɗakinsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Samari suka zo da sanduna.

Yaya ya ce, "Bisimilla, ku shiga. Amma kowa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya faɗi sunan ubansa."

Na farko ya durƙusa, Yaya ya tambaye shi ya ƙafar babansa. Kafin ya gama amsawa, sauran sun sulale.

Ranar jana'izar Yaya, Okoro ya tsaya can gefe, hula a hannu, yana kuka kamar yaro.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa wasu.