Zagin da na gada a wurin Inna

Ni ce 'yar farin mahaifiyata, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi kuma "waccan". Haka al'ada take a ƙauyenmu da ke kusa da Suki, a ƙasar Sudan: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Wata shekara wata daktora ta zo ƙaramin asibitinmu daga Madani. Ta ce tana gwada wani magani ne na baki, babu allura babu ƙwaya, don masu yawan zagin kansu a zuci. Za a koya musu tausaya wa kai, a ga ko abin zai ragu. Aka yi ƙuri'a, wasu su fara, wasu su jira. Ƙuri'a ta faɗa kan Inna, wadda maƙwabciya ce ma ta ja ta zuwa wurin. Inna tana jin Larabci sarai, amma maganar zuci sai da Hausa, sai aka zaunar da ni ina yi wa daktora tafinta.

Na zauna ina ta dariya a ciki. Inna da zagin kai? Matar da ta riƙe hawashar mahaifinmu, wato gonarsa ta ban-ruwa, ita kaɗai bayan rasuwarsa, take tsayawa a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, tana faɗa da maza kan rabon ruwa?

Daktora ta kawo misali da kisra, wainar dawa mai faɗi da muke ci kullum, ta ce, "Ya hajja, in kisra ta ƙone miki, me kike ce wa kanki?"

Inna ta gyara tobin da ta yafa. "Mi ni ka cewa? Sakarya. Hannun banza. Uwar kowa ta iya, ke ko..."

"...ke ko gara ma ba a haife ki ba," na ƙarasa wa daktora fassarar da Larabci.

Inna ba ta kai ga faɗin wannan ba tukuna. Ni na riga ta, kalma da kalma, domin abin da nake gaya wa kaina ke nan duk ranar da na yi kuskure a aji a gaban ɗalibaina. Shekara da shekaru ina zaton nawa ne ni kaɗai. Na tsorata ƙwarai, kuma na ji kunya.

Inna ta juyo tana kallona kamar an kawo mata baƙuwa. "Wa yag gaya miki?"

"Ba kowa, Inna."

"Ni ban taɓa hwaɗa miki wannan ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa zagina da shi ba. Amma na tashi a gindin murhunta, ina miƙa mata ƙullu, tana gunaguninta ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina kwashewa ban sani ba.

Daktora ba ta yi gaggawa ba. Ta ce Inna ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta faɗa wa kanta magana mai taushi, irin wadda za ta faɗa wa wanda take ƙauna. Inna ta ɗora hannun, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake gwadawa. Matar da ba ta rasa amsa a bakin tur'a ta rasa kalma ɗaya.

"Ban iya ba, daktora. Kalas, shi ke nan."

"To in ɗiyarki ce ta ƙona kisrar fa?"

Ban fassara wannan ba, don ta ji. Sai ta cire hannun daga ƙirjinta ta ɗora a nawa, yana ƙamshin hayaƙi. Ta kira sunana cikakke, a gaban baƙuwa, ta ce, "Malesh, ba komai. Ƙullu ne kawai. Ki sake zubawa."

Daktora ta jira in juya mata maganar zuwa Larabci, biro a hannu. Ban iya ba.