Adaftar Baba Seidu

Ba yunwa ce ta sa ni sata ba. Ni mai gyara ne, ina da ɗan teburi a unguwar Alabar inda nake taɓa rediyo da waya da na'urar gem, wato ta wasan bidiyo. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne rage wa gem jiki. In buɗe ta, in cire sashen wutar da ke sa ta zafi, ta koma siririya, sai a riƙa ba ta wuta daga waje da adafta.

To, adaftar ce matsalar. Masu gem ba sa son jibgegiyar nan mai kama da bulo. Ƙarama suke so, wadda za a maƙala a soket ɗin bango, amma mai ƙarfin da zai ɗauki na'urar. Irinta kuwa sai an sha yawo, don yawancin na kasuwa rubutu ne kawai a jiki, ciki fanko.

Wata rana aka kawo min sifika gyara, na ga adaftarta mai kyau ce. Na riƙe ta, na mayar wa mai ita da ta bogi. Bai dawo ba. Na ce wa kaina ai musanya ce, ba sata ba. Daga nan duk abin da ya hau teburina, adaftarsa nake fara juyawa in karanta.

A gidan da nake haya akwai wani tsoho, Baba Seidu, mai ciwon fuka. 'Yarsa Memuna mai sai da waake, wato dafaffiyar shinkafa da wake, ta yi ta tari har ta saya masa ɗan injin da ke turara magani a shaƙa. A lokacin wani mai gidan gem a unguwar Atonsu ya matsa min in samo masa ƙaramar adafta mai ƙarfi, kullum waya, wai in na kasa in faɗa masa ya kai wa wani aikin. Ana cikin haka Baba ya kira ni in duba masa waya da ta kwance a jikin injin. Ina juya adaftar na ga abin da nake nema mako biyu. Na ɗaure wayar, na ɗauke adaftar, na sa masa ta bogi. 'Yar koriyar fitilar injin ta kama, na san kuwa ba za ta ja injin minti biyu ba. Tsohon ya riƙe hannuna ya ce, “Allah ya yi ma albarka, ɗana.” Na ce amin.

Ran Juma'a bayan la'asar fukar ta tashi. Memuna ta fito tsakar gida ba ko mayafi, ta ce, “Zaka ka duba, inji ya ƙi tashi.” Na san abin da ya faru tun kafin in shiga ɗakin. Da na ce a nemi tasi nan take, ƙila da an kai shi. Amma tsoron kada a gane ya sa na zauna ina kwance injin ƙusa bayan ƙusa, tsoho yana jan numfashi a gabana. Da na gama ɓata lokaci na ce injin ne ya mutu, mai arha ne. Bai kai asibiti ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Kada ku ɗauka na daina. Na ma bar teburin, na koma shiga shaguna da sunan gyara ina musanya. A unguwar Sofoline aka kama ni da adafta bakwai a jaka. Na yi shekara biyu a kurkuku, kuma ba don Baba Seidu ba, don babu wanda ya san wannan sai ni da Allah.

Da na fito na tuba, na je wurin Memuna na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta ci gaba da zuba waake a ganye, sannan ta ce, “Tun ranar nan kullum ina cewa ni na kashe babana, don na sayi mai arha. Kai ka gaya min haka. Na yarda da kai.” Na nemi gafara. Ta ce in matsa, ina tare mata masu saye.

Samari, ku da ake danƙa wa kayan mutane gyara, ku ji ni. Abin da aka ba ku, ku mayar da shi yadda ya zo, ko ƙusa ce. Ba ku san abin da ya rataya a jikinsa ba. In kun yi kuskure, ku faɗa tun ana iya gyarawa. Ni kotu ta sallame ni, ina kuma fatan Allah ya karɓi tubana. Amma Memuna har yau in ta hango ni, sai ta juya kujerarta.