Warin Tsami a Gidan Niña Tancho

Duk wanda ya taɓa cin pupusa a tashar kwalekwale ta Las Garzas ya san Niña Tancho, ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta yi wa mai ciniki murmushi, kuma ba a isa a ce kabejin wata ya fi nata ba. Takan toya wainar masarar da wake da cuku a ciki, ta ɗebo kabejin da ta jiƙa a ruwan kal ta zuba maka a kai. Kal ɗin ma da kanta take haɗawa da ɓawon abarba, a tulunan da ta jera bayan ɗaki. Shi ya sa gidanta da tufafinta, har kyanwarta, duk warin tsami suke. Ni maƙwabciyarta ce, kifi nake sayarwa, ita ce kuma ta riƙe min 'yata ranar baftisma. Hancina ya daɗe da daina jin warin.

Kafin yaƙi wani Ba'amurke ya zo garinmu, siriri mai jan wuya, da kyamara ɗaya da abokai uku, duk da alamar yunwa a jikinsu. Chele muke ce masa, kamar yadda muke kiran kowane farin mutum. Ya ce fim zai yi, mu kuma muka ce to. Ba ya da 'yan wasa, sai mu. Ya tsayar da kai ya ce ka ci gaba da abin da kake yi, kada ka kalle shi. Da ya koma ƙasarsu ya aiko wa gari da fim ɗin a gwangwanaye huɗu. Gaskiya ni barci yake sa ni. Babu faɗa, babu soyayya, sai mutane zaune suna kallon ruwa kamar an aike su.

Amma a gwangwani na uku akwai Eulalio, mijin Tancho. Yana jawo kwalekwalensa kan yashi, sai wani ya kira shi, ya waiwayo, ya ɗaga hannu ya kare rana, ya yi dariya. Iyakarta ke nan. Kafin ka haɗiye yawu sau biyu ya wuce.

Yaƙi ya iso mu da wata mota marar lamba. Da hantsi ta tsaya a tashar, mutum biyu suka fito suka tambayi Eulalio. Ba su daka masa tsawa ba, har ɗayan ya sayi pupusa. Suka gaya wa Tancho 'yan tambayoyi ne kawai a birni, kafin abincin rana sun dawo da shi. Ta ajiye masa kasonsa a rufe. Ba mu sake ganinsa ba, ba mu ga gawa ba, kuma ba shi da hoto ko ɗaya, domin wanda ke jikin katin shaidarsa da shi ya tafi.

A lokacin gwangwanayen suna hannun fada, limamin cocinmu. Da aka fara raɗe-raɗin cewa masu motar na neman fim ɗin don su ƙare wa fuskokin mutanen gari kallo, fada ya rasa inda zai kai su. Tancho ta je da kwando, ta jera su a ƙasa, ta tula kabeji a kai, ta wuce ta gaban masu bindiga tana mita kan tsadar gishiri. Tun daga ranar a gidanta ake ajiye su.

Bayan an ajiye makamai muka mayar da kallon fim ɗin al'ada. Duk shekara ranar bikin waliyyin gari, da rana tsaka, sai a toshe tagogin rumbun gishiri da buhuna, Don Nicanor ya ɗora injin majiginsa. Ba labarin muke kallo ba. Kowa da wurin da yake jira, domin rabin waɗanda ke yawo a jikin farin ƙyallen nan ba sa duniya. Tancho takan zauna a gaba, hannu a ƙirji. Idan Eulalio ya waiwayo ba ta kuka, sai dai ta gyara zama. Yana wucewa ta tashi ta koma bakin murhu.

Sai Don Nicanor ya rasu, injin ma ya bi shi, aka rasa mai gyara. Tancho ta ce ba komai, za ta adana har a samu wani. Gwangwani na ɗaya da na biyu da na huɗu ta tura su ƙarƙashin gado a kan siminti, ko murfinsu ba ta danne da kyau ba. Na ukun kuwa ta nannaɗe shi da leda, ta bi bakinsa da salatif, ta sake nannaɗewa, ta ɗora a wani gurbi jikin bangon murhu. Ta ce nan ba laima, ba ɓera, kuma idonta na kansa duk yini. Shekaru suka yi ta wucewa yana nan.

Ashe Chele ya zama wani abu a ƙasarsu. Wannan mun ji shi ne daga bakin Idalia, wata matashiya daga birni da ke aiki a inda ake adana tsofaffin finafinai. Ta sauka daga bas da jaka a baya, ta zauna ta ci pupusa uku, tana ba mu labarin yadda masu son finafinansa ke cacar baki kan wanne ya fi. Wasu sun fi son na direban da ba ya magana, wasu na 'yan uwa biyu da suka gaji otal. Ita kuwa wanda ta fi so shi ne wanda ba ta taɓa gani ba, na farkonsa, namu. Ta ce na asalin ya ɓace tun da daɗewa, shi ma Chelen ya mutu, kuma an bincika ko'ina ba a samu wani ba.

Tancho ta ce ita fim ɗaya ta sani, shi ma ba duka ba. Amma yarinyar ta yabi kabejin, don haka ta shigar da ita ɗaki.

Ina tsaye a bakin ƙofa na ga Idalia ta durƙusa ta jawo gwangwani ɗaya, ta ɗaga murfin, ta kai hanci. Fuskarta ta sauya. Ta tambaya tun yaushe yake wannan warin.

Na yi dariya na ce, "'Yar nan, gidan Tancho kika shigo. Nan ko ruwan sha tsami yake."

Ta ce, "Ba kabeji ba ne, Niña. Fim ɗin ne yake ruɓewa."

Ta yi mana bayani a hankali. Irin wannan zaren fim idan zafi ya dame shi sai ya fara fitar da tsami irin na kal, tsamin kuma shi ke cin sa. Ya tanƙware, ya manne, hoton ya zube. Ba ya tsayawa, kuma yana kama na kusa da shi. Ta ce a wani gidan da tuni hanci ya faɗa wa masu shi. Na kalli tulunan da ke bayan ɗaki.

Ta ce waɗannan ukun da sauran rai, domin sun sha iska a ƙasa mai sanyi. Ta nemi ɗayan da ya rage. Tancho ta ce wannan lafiyarsa lau, ita ta san yadda ta adana shi. Idalia ta bi idonta har gurbin da ke jikin murhu, ta ga ledar, ta ga salatif ɗin. Sannan ta roƙi a ba ta duka ta kai birni, a kwafe su kafin lokaci ya ƙure.

"'Yan kwanaki ne kawai, Niña Tancho. Da kaina zan dawo miki da shi."

Yarinyar ba ta san abin da ta faɗa ba. Tancho ta miƙe tsaye ta goge hannu a jikin rigarta.

Ta ce, "Haka suka ce. Ɗauki ukun ki tafi. Shi ba ya shiga motar kowa."

Damina ta shigo, zafi ya ƙaru. Na yi mata magana da lalama, na yi da faɗa, har na ce mata taurin kanta ne zai kashe mutumin nan karo na biyu. Mako guda ba ta gaishe ni ba, kuma ban janye ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yanzu da aka faɗa mana, hancina ya farka. Ina shiga kicin ɗinta sai in rarrabe wari biyu, na kabeji mai sa yawu, da wani mai kaifi da ke sauka daga bango ya soki ido. Ita ma tana ji. Na sha kama ta ta tsaya da ludayi a hannu, ta ɗaga hanci, sannan ta ƙara zuba kal a kwalbar da ba ta buƙata.

Ranar da ƙudaje suka daina sauka a gefen gurbin, ta aika a kira Idalia. Ta ce ta yarda, amma ƙafarta ƙafarsa, a cinyarta zai zauna har birni. Ta yi wanka, ta sa rigar coci. Idalia ta ce bari ta duba tukuna kafin su hau hanya. Ta fitar da shi tsakar gida ta yanka ledar, sai da muka ja baya muna tari. Murfin ya yi tsatsa. A ciki zaren ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya, launin ƙasa, yana naso, da wani farin gari a samansa. Ta taɓa bakinsa da ɗan yatsa, ya ɓare ya biyo hannunta.

Tancho ta karɓi gwangwanin ta mayar da murfin, ta shiga ɗaki ta cire rigar cocin, ta fito ta hura wuta, domin masu kwalekwale sun kusa dawowa.

Bana an nuna sauran ukun a rumbun gishiri da sabon inji, hoto tas. Mutane suka ga iyayensu da ƙannensu, aka yi kuka aka yi dariya. Daga na biyu fim ɗin ya tsallaka na huɗu, kuma baƙin da suka zo daga birni ba su ma lura ba. Tancho na zaune a gaba inda ta saba, hannu a ƙirji.

Da muka fito ta riƙo hannuna a hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ke da kika gani sau da yawa, da wane hannu ya kare rana?"

Na ce na dama. Ta ce ita a jiya ta rantse na hagu ne. Muka tsaya a tsakiyar hanya, tsofaffi biyu, kowace ta ɗaga hannu a goshi tana gwadawa. Ta gwada wannan, ta gwada wancan, ta sauke.

Ta ce, "Dariyarsa ma ta fara tafiya."