Tsani bai riƙe kansa ba

A shekarun fari na ji ana cewa wai mace ce ta tada famfon sola a wani ƙauye wajen Tirmini. Ban yarda ba, don na san maza kaɗai furoje, wato shirin agaji, ya kai Damagaram koyon gyara. Masu ɗiban ruwan ba wanda ya tambaye su.

Wai famfon ya tsaya sati biyu, mata suna tafiyar rabin yini neman ruwa, awaki suna mutuwa. Mai gyaran garin ya ce sai injiniya ya zo. Hajara, wadda kullum take kallo in ana gyara, ta hau tsani ta ɗaure wayar da ta kwance. Ruwa ya zo.

Jiya a kasuwar Mirriya na gamu da mai gyaran, Malam Isuhu, ya tsufa kamar ni.

Na ce, "Malam, tsakani da Allah, wa ya gyara?"

Ya ce, "Alhaji, ni ke da atestasiyo, takardar shaidar koyon gyara."

"Na ce wa ya hau?"

Ya gyara hularsa. "To, ai tsanin bai riƙe kansa ba."

Ku gaya min ko garinku ma haka ne. Ni dai na ƙarshen da ya ba ni labarin Malam Isuhu ne, da bakinsa.