Dutsen Niƙan Kufan Katuzu

Jama'a, wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma har yau in na ji ƙamshin ɗanyen garin gero sai gabana ya faɗi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina zaman kashe wando a Gashuwa, sai wani malamin jami'a mai haƙar kayan tarihi ya ɗauke ni aiki. Dakta muke ce masa. A Masar ya yi karatu, inda ya ce ya haƙa ƙauyukan mutanen da suka rayu tun kafin Fir'auna, kuma ba zinariya ya samu a can ba, tsingaron tukwane ne da toka da duwatsun niƙa, irin dai wanda ya zo nema a wani kufai bayan Katuzu. Ni aka damƙa wa mukullin sito a gari, duk abin da aka tono sai a rubuta masa lamba in kulle.

Rannan da hantsi aka tono duwatsun niƙa guda uku a jere, duk a kife. Wata tsohuwa Babadiya, wato 'yar ƙabilar yankin, da ke kawo mana fura, Iya muke ce mata, ta leƙa ramin ta ce, "Dakta, mai barin gari da niyyar dawowa shi ke kife dutse. Waɗannan suna da masu su." Dakta ya yi murmushi, ya rubuta maganarta a littafi, sannan ya sa aka ɗauki na tsakiyar aka kai sito.

Washegari na buɗe sito sai ga gari a cikin dutsen, fari sol, da danshinsa. Dakta ya fusata, don ashe ƙurar da ke ramin dutsen yake so a auna a gane abin da mutanen suke ci, ga shi an ɓata. Ya dube ni ya ce, "Mukulli a hannun wa yake?" Na rantse, amma kallon da ya yi mini ya fi mari zafi. Ni da ko allura ba a taɓa zargina da ita ba.

Ni kuma Bukar mai dafa mana abinci na zarga, don ya daɗe yana hararar mukullin nan. Na canza kwaɗo, na share dutsen, na barbaɗa toka a ƙofa. Da azahar na dawo, ba sawun kowa a tokar, amma ga gari ya fi na farko. Na sa aka tura Bukar Nguru sayayya kwana biyu, garin bai fasa ba. Allah Ya yafe mini, mutumin nan ba ruwansa. Dakta ya ce in aka ƙara zai kai ni wurin 'yan sanda.

Ran Juma'a, kowa ya tafi gida bayan masallaci, na ɗaure dutsen a babur na nufi kufan, rana tsaka. A gurbin da aka ɗauke shi na tarar da shaidar gwiwoyi biyu a yashi, sababbi, kamar yanzu mace ta tashi daga durƙuso. Ba sawun shiga, ba na fita. Na dire dutsen na gudu.

Dakta ya sallame ni, aka yi ta cewa na sayar da dutse, sunan ɓarawo ya bi ni shekaru a Gashuwa. Na shanye, don ina ganin na yi daidai. Sai da na gamu da Iya a kasuwa na ba ta labari, ina jiran ta sa mini albarka. Ta ce, "Ɗana, a kife ka ajiye ko a buɗe?"

Na ce, "A buɗe, Iya."

Ta ce, "Wanda ya buɗe dutse, shi ya ce a dawo. Kuma gidansa ake sauka."

Sau uku na canza gida tun daga nan, matata kuwa a inji take niƙa, amma lokaci-lokaci tana share ɗan farin gari mai danshi a bakin ƙofar ɗakina, tana mitar yara. Ban taɓa gaya mata ba. Don Allah, in kun ga abu a kife a kufai, ku bar shi yadda mai shi ya bar shi.