Ganyen da Na Tsinko wa Inna

A shekarar da mutanen garinmu Yasore suka daina zuwa gonakin nesa, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Na hau babur daga Safana, inda nake aure, da ƙwayoyin asibiti ƙulle a bakin zanena. Ta karɓa ta sa albarka, ta tura su ƙarƙashin matashi. Ganyen rai-ɗore take so, a dafa ta sha, ta yi surace.

Matar ƙanena ta miƙe za ta fita. Shekara shida tana bin Inna bakin rafi, ita ke riƙe mata ƙwaryar magani. Ni makaranta da aure sun ɗauke ni. Ko tari yaro ya yi a unguwa, Inna cewa take, "Ku tambayi 'yata," kuma ba ni take nufi ba. Na so ko sau ɗaya ta sha magani daga hannuna.

"Zauna," na ce. "Ni zan tsinko."

"Yaya, kin san shi kuwa?"

"A gidan nan aka haife ni."

A gefen gari na tarar da ganye kore shar, na cika ƙwaryar. Inna ta ɗauki reshe ɗaya, ta murza, ta shinshina.

"Tafasa ce," ta ce. "Dubi bakin ganyen, a zagaye yake. Na rai-ɗore tsini gare shi, warinsa kuma ba ya ɓuya."

Matar ƙanena ta sunkuyar da kai. Da dariya ta yi, da na fi samun sauƙi.

"Ba asara," in ji Inna. "Bana yunwa ma ciwo ce. A yi mana kwaɗo."

Na dafa, na kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙulin da ya rage. Ina cikin haka matar ƙanena ta sulale, ta dawo da na gaskiya ɓoye a gyale, ta ɗora a murhun baya don kada in gani. Warin ya tona ta.

Inna ta ci loma biyu a kwaɗona. Ruwan rai-ɗoren kuwa ta shanye, ta riƙe hannun wadda ta ba ta.

Bayan kwana tara Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta. Da aka zo rabon kayanta, ƙwaryar nan kaɗai na nema. Ƙanena ya ce ai tun tana da rai ta ba matarsa.

Yanzu na san ganyen. Duk damina yana fitowa bayan katangarmu a Safana. Ban taɓa tsinka ba.